Ja'afaru Gem da Harbin Gindin Ɗorawa

Duk wanda ya san Unguwar Gawo, ƙauyen nan na bayan Bagwai inda gona ke manne da gona har sai da layin gamba ake gane ta wane da ta wane, to ya san Ja'afaru Gem. In bai san fuskarsa ba ya san sumarsa, don sumar kan riga shi shiga zaure da taku biyu. Ɗan gwaggona ne, taubashina, saboda haka ba mai hana a ba da labarinsa, ko da an ɗan barbaɗa gishiri.

Ranar da aka haife shi, ungozoma ta rantse sai da ta ɗala masa duka sau uku kafin ya yarda ya yi kuka, shi ma rabi ya yi ya koma barci. Haka ya taso. Shi da fartanya ba sa ga-maciji. In mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ya ba shi kunya biyar ya nome, sai a dawo a tarar ya yi ɗaya da rabi, yana inuwa yana yi wa ƙadangaru shari'a. Boko ma ya taɓa, ya kai aji uku a sakandare, sannan shi da malamai suka rabu kowa yana hamdala.

Da uban ya rasu sai mahaifiyarsa, Inna Hure, ta tura shi Kano, Rijiyar Zaki, ya koyi ɗinki. Aka yi rashin sa'a, shagon telan yana jikin wani shagon gem inda ɗaliban jami'a ke taruwa suna buga ƙwallo a talabijin da yatsu. Shekara huɗu Ja'afaru ya yi a birni ko maɓalli bai iya sawa ba, amma in ya riƙe hannun gem masu digiri sai su ja baya. Ya dawo gida da talabijin biyu, da injin gem, da wata sifika da ta kusa kai ƙaramin rumbu, da kuma askin Habu Walƙiya.

Habu Walƙiya kuwa shi ne mawaƙin da ake yayi a shekarun, wanda har awakin garinmu sun haddace amshinsa. Ja'afaru ya ɗauke shi uban gida. Tafiyarsa, ɗage kafaɗarsa, baƙin gilashinsa, duk ya kwaso. Yana rantsuwa sun taɓa gaisawa hannu da hannu a ƙofar wani wurin biki, har ya kwana uku bai ci tuwo da hannun ba don kada ya wanke. Wanda suka je tare ya ce ƙarya ce, bayan motar mawaƙin ya shafa, shi ma sai da mai gadi ya kai masa kulki.

Ya buɗe shago a bakin kasuwa, jikin rumfar Baba Madu mai busasshen kifi da kanwa. Samari su buga ƙwallo, masu son harbe-harbe su yi nasu yaƙin a talabijin, 'yan mata su aiko da memori a tura musu sababbin waƙoƙi. Baba Madu dattijo ne mai sanyin magana. Mahaifinsa, Kallamu, ya zo daga Borno tun iyayenmu ba su yi aure ba, a maƙabartarmu ma yake kwance. Shi Madu nan aka yanke masa cibi, Hausarsa ta fi ta liman, amma har gobe in za a kwatanta shi sai a ce Babarbaren nan mai kifi. Shi kaɗai ne dattijon da bai taɓa tsine wa shagon gem ba. Iyakarsa ya leƙo ya ce, “Ja'afaru, yau ƙwallo nawa ka ci da babban yatsa? Ka riƙa hutar da shi dai, da shi za ka dangwala ranar zaɓe.” Ya miƙo masa kan kifi ya koma.

Sai shekarun wuya suka shigo. Aka cire tallafin mai, janaretan Ja'afaru ya koma kujera. Kwanon masara ya fi ƙarfin magidanci, taki ya zama abin kallo. Ya sayar da talabijin ɗaya ya sayi 'yar sola, samari suka ragu, don mai jin yunwa ba ya cin ƙwallo. Turin waƙa ne kawai bai mutu ba. Mutum ko bai karya ba yana so ya ji Habu Walƙiya yana kukan soyayya.

Amma ba yunwar ce ta fi hana mutane sakat ba. Labari ne da ke gangarowa daga wajen iyakar Katsina. Yau a ce 'yan bindiga sun shiga ƙauye kaza, gobe a ce sun kora shanun wane, jibi a ce an ɗauke matar wane da goyonta. Ba wanda ya taɓa ganinsu a garinmu, amma in tayar babur ta fashe a hanya sai ka ga mai shayi ya bar tukunya. Mai unguwa ya tara jama'a aka yi tsari: in an ji harbi, mata da yara da tsofaffi su faɗa cikin dawa, kada wanda ya nufi titi, kada wanda ya tsaya neman akuya. Aka kafa 'yan sintiri ƙarƙashin Ɗanliti, wani mahauci ƙato da ke rataye da layu har ba a ganin wuyansa, kowa da bindigarsa ta toka.

A lokacin ne kalmar infoma ta shigo bakin mutane, wato ɗan gari mai buga wa 'yan bindiga waya ya nuna musu gidan da ke da shanu. Ɓarawo in an kama shi a kan yi masa duka a kai shi gaban hukuma. Infoma kuwa, labarin da ke zuwa daga garuruwan da aka kama su, ba a kai su ko'ina sai rami. Ga shi a garinmu ba a samun sabis sai a kan tudun tsohuwar marina da ke bayan kasuwa. Da, mutum yakan hau ya yi ta ihu a waya kowa na jin sirrinsa. Yanzu in ka hau sai ka ji idanu a ƙeyarka.

Da kakar shekarar ta zo, Malam Iliyasu, mai babbar gonar gero ta arewacin gari, ya kira gayyar girbi. Gayya ba ta yiwuwa ba kiɗa, ga shi makaɗin gangar noman garin ya rasu, 'ya'yansa duk sun tafi ci-rani. Babban ɗan Malam, Basiru, ya ce ai ga Ja'afaru, a sa waƙar zamani, samari ma sun fi motsi da ita. Malam ya yi tsaki amma ya yarda.

Ja'afaru ya ji an ɗaukaka shi. Tun da sassafe ya turo sifikar a baro har gindin ɗorawar da ke bakin gonar. Don kada a ce bai yi bajinta ba, ya jona ta da wata lasifika irin ta masu tallan maganin gargajiya, da aka kawo masa gyara ba a dawo karɓa ba, ya hau ya ɗaure ta can ƙololuwa. Ya soka memori cike da Habu Walƙiya. Kai, ranar har mutanen ƙauyuka uku sun sha kiɗa kyauta. Maza wajen arba'in suka jeru da magirbai, gero na zubewa, ana ihu ana kirari.

Shi kuwa gogan, da ya ga aiki ya kankama, ya zagaya bayan kututturen ɗorawa inda ba mai ganinsa balle a miƙo masa magirbi. Ya jingina, ya toshe kunnuwa da iyafis, ya buɗe gem ɗin yaƙin da ke wayarsa, irin wanda ake sauke soja a wani gari ya yi ta harbi har sai ya rage shi kaɗai.

Sifikar nan tana da wata ɗabi'a. In waƙoƙin memori suka ƙare, sai ta laluba da kanta ta kama wayar da ta saba da ita ta bulutut. A shago bai taɓa barin waƙa ta ƙare ba, shi ya sa ya manta. Wajen azahar, masu girbi sun yi nisa can ƙarshen gona, mata sun iso ke nan da kunu da ɗanwake a ka, waƙar ƙarshe ta tsaya.

Ja'afaru ya ji iyafis ya yi shiru. Ya ce shegiyar igiyar nan ta sake tsinkewa, ya danna ƙara har ƙarshe. Nan take harbi ya dawo, mai ƙarfi, har ƙirjinsa na amsawa. Ya ce a ransa, yauwa, yanzu ta gyaru. Ya gyara zama ya ci gaba da ɓarin wuta, ya jefa gurneti biyu, ya bi wani ta bayan gini ya zazzage masa harsashi. Bai taɓa jin daɗin gem irin na ranar ba. Sai da aka kashe sojansa, wayar ta yi tsit, sannan ya cire iyafis ya miƙe yana miƙa.

Ba kowa a gonar.

Magirbai a zube, huluna a kan kunya, takalma wari-wari. Ƙwaryar kunu ta kife, ɗanwake ya watse kaji ma babu. Yana tsaye baki buɗe sai ya ji dam! daga wajen kasuwa, harbi na gaske, wani ya amsa daga gabas, wani daga can ƙauyen gaba. Mata na salati, jarirai na tsala ihu. Ja'afaru bai san lokacin da ya bar silifas ɗinsa ba. An ce ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba har ya faɗa cikin dawar maƙwabta, sumar nan tana kama ganye, ya kifa rub da ciki kusa da wata tsohuwa, Inna Larai, wadda ta riga shi kwanciya da carbi a hannu.

Suka yi lamo. Karan dawa ko ya motsa sai Ja'afaru ya ji kamar bakin bindiga ne a bayansa. Yana jin numfashin mutane ko'ina amma ba ya ganin kowa. Wata mata can ciki tana toshe bakin ɗanta, yana jin yaron na shiɗewa.

Inna Larai ta raɗa masa, “Kai ɗan Hure, kashe wayar nan kada ta tona mana asiri. Kai da kake gindin ɗorawa, yaya aka yi ka tsira?”

“Ɗorawa, Inna?”

“Ai ta nan suka ɓullo. Waƙarka na tsayawa suka buɗe wuta, tatatata, ba ƙaƙƙautawa. Har da mai ƙara kamar tsawa sau biyu. Babbansu yana ta ba su umarni da Turanci, muryarsa kamar ta sa. La'ilaha illallahu, ko ka gan su?”

Ja'afaru ya dubi wayar da ke hannunsa. Sau biyu. Ya san mai wannan murya, kullum shi ke yi masa tsawa in harsashi ya ƙare. Ya tuna da ƙirjinsa da ke amsawa, alhali iyafis bai taɓa girgiza ƙirjin kowa ba. Ya tuna da ya miƙe babu waƙa. Tsoron da ya shigo da shi cikin dawa ya fita, wani da ya fi shi ya shiga.

“Ban gan su ba, Inna,” ya ce.

Kafin la'asar mutane suka fara fitowa ɗaya-ɗaya. Aka ƙirga, ba a ɗauki kowa ba, ba a kori ko tunkiya ba. Sai dai Malam Iliyasu ya faɗa kwalbati wajen gudu ƙafarsa ta karye, an ɗauko shi a kan ƙyaure. Ɗanliti, wanda shi ya fara harbi sama daga kasuwa sauran suka amsa, yana tsaye yana ba da labarin yadda ya kora su. Wani ya ce ya ga babura goma. Wani ya ce ashirin, kowanne da mutum uku. Basiru ya rantse ya ga mai jan rawani.

Ja'afaru ya lallaɓa ya kwaso kayansa ta bayan gari, ya shige ɗakin Inna Hure ya zauna a ƙasa. Ta dube shi sau ɗaya ta ce, “Me ka yi?” Uwa ce. Ya faɗa mata duka. Ta tashi ta saki labule.

“Ka haɗiye shi. 'Ya'yan Malam Iliyasu su biyar ne, kowanne ya yi biyunka, ga ubansu a kwance. Ɗanliti kuma ka san shi. Ba wanda ya mutu, gobe kowa zai manta. Ko matarka in ka yi aure kada ka gaya mata.”

Ya ce to. Wallahi har ya fara jin iska na shiga ƙirjinsa. Sai suka ji gudu a lungu, ana kiran juna, “An kama shi! An kama infoman!” Wata maƙwabciya ta ɗaga murya ta kan katanga: “Hure, kin ji? Ashe Madu ne! An gan shi a tudun marina da waya a kunne daidai lokacin da aka fara harbi. Suna ƙofar mai unguwa da shi.”

Ja'afaru ya dubi uwarsa, ita kuwa ƙasa take kallo. Hayaniyar na ƙaruwa daga nesa, irin wadda ba ka jin kalma ko ɗaya sai gurnani. Can Inna Hure ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta fito da rigar sanyi da wata tsohuwar rigar saƙi ta mahaifinsa, mai kauri kamar buhu.

“Saka. Duka biyun, a kan taka. In sun fara, ka kare kanka da hannu, ka bar musu bayan.” Ta juya masa baya tana gyara abin da bai lalace ba. “Tafi kafin in hana ka.”

Daga gidan zuwa ƙofar mai unguwa ba nisa, amma Ja'afaru ya ce ya fi Kano nisa a ranar. Yana tura baro da sifika, gumi na zuba cikin riguna uku. Sau biyu ya tsaya ya dubi hanyar Bici kamar ya bi ta ya tsere.

Ya tarar da gari duka. An ɗaure Baba Madu a jikin dalbejiya, hularsa a ƙasa an tattake, jini na bin girarsa. Matarsa Amsa tana durƙushe gaban mutane tana cewa 'yarsu Fanna ce ke naƙuda a Kano, ita yake tambaya, a duba wayar. An duba, sunan Fanna ne, amma wani ya ce ai haka suke yi, da sunan mata suke ajiye lambar. Mai unguwa ya aika a kira hukuma daga Bagwai, yana ta roƙon a jira, ba mai jinsa. Allah ya taimaka fetur ya yi tsadar da ba wanda zai ba da nasa a ƙone mutum. Amma sanda ba a saye, kuma kowa da tasa. Shi Baba Madu kallon fuskoki kawai yake, ɗaya bayan ɗaya.

Ja'afaru ya buɗe baki. “Ranka ya daɗe!” Muryar ta fito kamar ta ɗan tsako. Ya tura baron tsakiyar fili, dole aka dube shi.

“Ranka ya daɗe, ba wanda ya zo. Babu 'yan bindiga. Wayata ce. Gem nake yi, sifika ta ɗauka.”

Wuri ya ɓarke.

“Kai, ɗan iska, nan wurin wasa ne?”

“Ni da idona na ga babura!” in ji Basiru.

Ɗanliti ya tako, layu na kaɗawa, ya tsaya har numfashinsa na taɓa goshin Ja'afaru. “Wato ni Ɗanliti, waya na harba? Waya na kora?” Ya juya ga jama'a. “Kun gani ko? Shagonsu ɗaya. Kan kifi ya saye shi. Kuma wa ke gindin ɗorawa aka yi ta wuta ko ƙwarzane bai samu ba? Su biyu ne! A kawo igiya!”

Hannaye suka cafki kafaɗunsa. A nan ne Ja'afaru ya gane bai zo ceton Baba Madu ba, ya zo su zama biyu ne. Ya ƙanƙame hannun baro yana ihu, “A bar ni in kunna! Don girman Allah a bar ni in kunna, in ƙarya ce ku yi yadda kuke so! Amma a fara ajiye bindigogi, ranka ya daɗe, in ba haka ba za a harbi wani!”

Wannan maganar ce ta shiga kunnen mai unguwa. Ya miƙe ya buga sandarsa, ya ce duk mai bindiga ya kai ta zaure, wanda ya ƙi shi ma zai amsa tambaya. Aka kai ana gunaguni. Ɗanliti ne na ƙarshe.

Ja'afaru ya durƙusa gaban sifika. Yatsun nan da suka gagari masu digiri suka kasa samun madanni. Cajin wayar ya yi ja. Ya kunna, sai ga Habu Walƙiya ya ɓarke da kukan masoyiyarsa, don ya manta bai zare memori ba. Wani ya sakar masa sanda a baya, rigar saƙi ta shanye. “Raina mana hankali yake!” Ya fizge memorin ya jefar. Sifika ta yi shiru tana lalube. Gem ya tsaya yana juya wata 'yar da'ira a fuskar waya, yana juyawa, yana juyawa. Da'irar mutane kuma tana matsowa. Yana jin wani a bayansa yana warware igiya.

Sai muryar nan mai kama da ta sa ta daka tsawa, wuta ta biyo baya.

An gaya musu. Da kunnensu suka ji an ce za a kunna. Amma wallahi rabin filin sai da ya watse. Mata suka nufi dawa, wani ya haye dalbejiya, liman ya tsinci kansa a bayan turmi. Ɗanliti da layunsa aka zaro daga ƙarƙashin amalanke. Ja'afaru ya jefa gurneti ɗaya, ya ƙara na biyu, sannan wayar ta mutu.

Ba wanda ya yi dariya. Mutane suka dawo a hankali, kowa na kallon ƙafarsa. Sanduna suka riƙa sulalewa ƙasa kamar ba masu su. Amsa ta tashi ta je ta kama ƙullin igiyar da haƙori da farce, ba wanda ya iya matsawa ya taya ta, har ta kwance mijinta. Ta ɗauki hularsa ta kakkaɓe ta sa masa. Suka ratsa tsakiyar jama'a suka wuce gida.

Sannan Basiru da ƙannensa suka tuna da ƙafar ubansu. Abin da Ja'afaru ya sha kafin mai unguwa ya shiga tsakani, rigunan nan uku ne kawai za su ba da labari. Ya kare kansa kamar yadda aka ce masa. Ya yi sati yana kwana rub da ciki, aka rufe shagon gem, sifikar kuwa Ɗanliti ya sa gatari ya raba ta biyu. Wanzami ya zo har gida ya sauke sumar Habu Walƙiya, Inna Hure ta ce ta cika kwando.

Baba Madu ya warke, amma bai sake buɗe rumfa ba. Dattawa suka je ban haƙuri, liman ya yi huɗuba a kan zato, har Ɗanliti ya aika da cinyar rago aka dawo masa da ita. Ana gama yankan dawa sai ga a-kori-kura a ƙofar gidansa, ana loda gado da tukwane. Zai koma Kano wajen surukinsa. Jama'a suka taru suna cewa a yafe, yana cewa na yafe, na yafe, ba ya duban kowa.

Ja'afaru ya tsaya nesa da ƙwalƙwal ɗin kansa, sai da mota ta kusa tashi ya matso ya durƙusa. “Baba, ni na jawo maka. Ni na kore ka daga garinku.”

Baba Madu ya dube shi, shi kaɗai ya duba a ranar. “Tashi, Ja'afaru. Kai wauta ka yi, kuma ka zo. Ka san da wace igiya aka ɗaure ni? Ta gugan rijiyar masallaci. Ni na saye ta bara na ba da sadaka. An mayar da ita jikin guga, da ita ake jan ruwan alwala. Kullum sau biyar zan riƙa ganinta.” Ya kama ƙarfen mota ya hau. “Ka gaida Hure.”

Yanzu Ja'afaru cajin waya yake yi da 'yar solarsa, yana ɗan taɓa noma, kunya biyu kafin azahar, wanda a wurinsa jihadi ne. Labarin iyaka bai daina zuwa ba, kullum ƙara matsowa yake. Kwanan baya wani abu ya yi ƙara da hantsi wajen rafi, har yau ba a san ko mene ne ba. Ba wanda ya gudu. Mata suka ci gaba da daka, wata ta ɗaga murya ta ce, “A je a duba ɗan Hure, ko ya samo sabuwar sifika.” Aka yi dariya.

Shi bai yi ba. Ya fito tsakar titi ba takalmi, yana bin mutane ɗaya-ɗaya yana juye aljihunsa. “Ku duba, ba ni da komai. Don Allah in kun ji, ku gudu. Ba ni ba ne. Ku shiga dawa!”

Wata yarinya mai tallan gyaɗa ta dube shi, ta dubi gonaki, ta ce, “Yaya Ja'afaru, ai an yanke dawar.”